Tagar da aka rufe amma ba ta mutu ba: riƙon juna da yoyon ƙwaƙwalwa a ɗaurin bayanai

Manhajar da ake girkawa a kwamfutar tebur tana da wata ɗabi'a da ta raba ta da shafin intanet da kuma manhajar waya, wato tsawon rai. Shafin intanet da zarar an sabunta shi duk abin da ya tara yakan zube, manhajar waya kuwa tsarin wayar ne kan kashe ta idan wuri ya ƙure. Amma manhajar lissafin kuɗi ko ta gyaran hoto ko ta rubutu, mai ita yakan buɗe ta ranar Litinin ya bar ta a haka har ƙarshen mako, yana buɗe tagogi yana rufewa ba adadi. Idan kowace taga da aka rufe ta bar wani kaso na ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta mayar ba, abin da ake kira yoyo, to ƙaramin kuskuren da ba a ganinsa a gwajin minti biyar zai zama babbar matsala a hannun wanda ya dogara da manhajar wajen aikinsa. Lissafin ba shi da wuya: hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, idan kowane ɗigo yana cin bayit 4, zai mamaye bayit miliyan 48 da zarar an buɗe shi, kuma tagogi 20 irin wannan da suka ƙi mutuwa sun kusa cinye gigabayit guda.

Cinye wuri ma shi ne ƙaramin ɓangaren ɓarnar. Tagar da ta ɓace daga allo amma tana raye a ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauraron sanarwa, tana amsawa, tana sake lissafi, wani lokaci har ta rubuta tsohon bayani a kan sabo. Wanda ya taɓa ganin manhaja tana aika saƙo ɗaya sau uku, ko tana ƙara nauyi a duk lokacin da aka canza wani saiti, akwai yiwuwar abin da ya gani aikin irin waɗannan tagogi ne.

Ɗaurin bayanai dabara ce da aka ƙirƙira domin rage wa mai rubuta manhaja wahala. Maimakon ya rubuta umarnin da zai kwafi sunan abokin ciniki daga ma'ajiya zuwa akwatin rubutu, sannan ya rubuta wani da zai mayar da shi idan an gyara, sai kawai ya bayyana cewa wannan akwati yana ɗaure da waccan siffa ta bayanan, wato sunan, tsarin kuma ya ɗauki nauyin daidaita su. Amfaninta a fili yake. Sai dai domin tsarin ya iya wannan aiki, dole wani ɓangare ya riƙe adireshin ɗaya ɓangaren, kuma wannan riƙon ba ya bayyana a rubutun manhaja inda ido zai faɗa kansa. Yana cikin fayil ɗin zanen taga, ko cikin wani tebur da tsarin ya ɓoye. A ganina nan ne tushen matsalar gaba ɗaya: ɗauri yana haifar da mallaka wadda babu wanda ya yanke shawararta da saninsa, kuma mallakar da ba a san da ita ba babu mai tunanin warware ta.

Domin a fahimci yadda hakan ke faruwa, sai an koma ga hanyoyi biyu da ake bi wajen sanin lokacin da wani abu a ƙwaƙwalwa ya gama amfani, waɗanda dukansu suka bayyana a rubuce a shekarar 1960. George Collins ya gabatar da ƙidayar masu riƙo: kowane abu yana ɗauke da lamba, wanda ya riƙe shi ya ƙara ɗaya, wanda ya sake shi ya rage ɗaya, idan lambar ta kai sifili a share shi nan take. John McCarthy kuwa, a aikinsa na harshen Lisp, ya bayyana hanyar mai kwashe shara: lokaci zuwa lokaci a fara daga saiwoyi, wato abubuwan da aka tabbata manhaja tana amfani da su, a bi duk wani riƙo har ƙarshensa, abin da ba a iske ba a kwashe shi. Ba a daɗe ba aka gane raunin hanya ta farko, domin a 1963 Harold McBeth ya nuna cewa idan abubuwa suka riƙe juna a zagaye, lambar kowannensu ba za ta taɓa kai sifili ba, ko da duk sauran manhajar ta manta da su. Abin ya yi kama da mutum biyu a rumfar kasuwa bayan an watse, kowanne ya ce ba zai tashi ba sai ɗan'uwansa ya tashi.

Kwamfutocin Mac su ne wurin da wannan rauni ya fi haɗuwa da ɗaurin bayanai kai tsaye, don haka ya dace a daɗe a kansu. Tsarin Cocoa, wanda ake gina manhajojin Mac da shi, ya gaji ƙidayar masu riƙo daga kamfanin NeXT, wanda Apple ya sanar da sayensa a ƙarshen 1996, kuma shekaru da dama mai rubuta manhaja da hannunsa yake kiran retain idan zai riƙe abu, ya kira release idan zai sake shi. A 2003, tare da fitowar Mac OS X 10.3 mai suna Panther, aka ƙaro Cocoa Bindings, wanda ya ba da damar ɗaure akwatin rubutu ko tebur ko maɓalli da bayanai daga cikin Interface Builder, manhajar zana tagogi, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa ita ce, idan aka ɗaure wani abu da wani, mai ɗaurin yana riƙe wanda aka ɗaure shi da shi riƙo mai ƙarfi, har sai an kwance ɗaurin ko shi mai ɗaurin ya mutu. Dalilin wannan ƙa'ida mai kyau ne, domin akwatin da ke karanta bayani daga abin da aka riga aka share zai kifar da manhajar.

To a duba abin da ke faruwa a taga mafi sauƙi. Mai kula da taga, wato NSWindowController, shi ne ke loda fayil ɗin zanen, kuma shi ne mamallakin tagar. Taga tana riƙe da babban filinta, filin yana riƙe da akwatunan da ke cikinsa. Ya zuwa nan mallaka tana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kuma idan aka saki mai kula, duk abin da ke ƙarƙashinsa zai bi shi. Amma a cikin fayil ɗin zanen akwai wani gurbi mai suna File's Owner da ke wakiltar wanda ya loda fayil ɗin, kuma babu abin da ya fi sauƙi ga mai zane kamar ya ɗaure akwati da wannan gurbi, tun da a wurin mai kula bayanan suke. Da ya yi haka zobe ya rufe: mai kula yana riƙe da taga, taga tana riƙe da akwati, akwati yana riƙe da mai kula. Mai amfani zai danna jan maɓalli taga ta ɓace, wanda ke riƙe da mai kula daga sama ya sake shi, amma lambarsa ta tsaya a ɗaya saboda akwatin, shi kuma akwatin ba zai mutu ba sai taga ta mutu, taga kuma tana jiran mai kula.

Masu rubuta manhajojin Mac na wancan zamani sun sha fama da wannan, har daga baya Apple ya sanya magani a cikin NSWindowController kansa. Maimakon akwatuna su riƙe mai kula kai tsaye, sai aka saka wani wakili a tsakani, wanda sunansa NSAutounbinder yakan bayyana a rahoton faɗuwar manhaja duk da cewa ba a bayyana shi ga jama'a a matsayin abin amfani ba. Akwatuna suna riƙe wakilin, wakilin yana isar da tambayoyinsu ga mai kula, kuma ana kwance ɗaurin idan lokacin mutuwar mai kula ya zo. Da aka kawo NSViewController, mai kula da wani sashe na taga, a Mac OS X 10.5 a 2007, shi ma an ba shi irin wannan kariya, kuma bayanin Apple a kansa ya faɗi haka a sarari.

Wannan gyara ya taimaka, amma ya haifar da wata amincewa da ta wuce gona da iri, domin kariyar ta tsaya ne ga waɗannan azuzuwa biyu, wato nau'o'in masu kula NSWindowController da NSViewController, kuma ga ɗaurin da aka yi da File's Owner a cikin fayil ɗin zane. Wanda ya loda fayil ɗin da wani aji nasa na daban ba shi da ita. Wanda ya kira umarnin ɗauri da kansa a cikin rubutun manhaja, ya miƙa mai kula a matsayin tushe, shi ma ya koma cikin tsohon zoben. Akwai kuma hanya ta uku wadda ta fi yaudara, wato amfani da NSObjectController ko NSArrayController a matsayin tsani tsakanin akwatuna da bayanai. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ɗaure akwatuna da irin wannan tsani maimakon mai kula da taga, kuma shawara ce mai kyau, sai dai tsanin yana riƙe abin da aka ba shi ya kula da shi riƙo mai ƙarfi. Idan aka haɗa mashigar content ta tsanin da File's Owner, to mai kula yana riƙe da tsani a matsayin ɗaya daga manyan abubuwan fayil ɗin zane, tsani kuma yana riƙe da mai kula, an sake ƙulla zoben ta wata ƙofa.

Abu na farko da yakan zo wa mutum a rai shi ne ya kwance ɗaurin a cikin dealloc, umarnin da ake kira idan abu zai mutu. Wannan ba zai taɓa aiki ba, kuma fahimtar dalilin ita ce rabin fahimtar batun. Ana kiran dealloc ne bayan lamba ta kai sifili, ɗaurin da ake son kwancewa kuwa shi ne ya hana ta kaiwa. Maganin yana zaune a ɗakin da cutar ta kulle. Dole ne a sami wani lokaci na daban, wanda ba ya dogara da ƙidaya, a ce a nan rayuwar wannan taga ta ƙare. A Cocoa wannan lokaci yawanci shi ne sanarwar windowWillClose, inda ake kiran unbind ga duk ɗaurin da aka yi da hannu, a kuma mayar da content na tsani ya zama babu komai.

Ko a nan ma akwai tsari da ya kamata a bi, domin na ga ana gyara yoyo a jawo asarar bayanai. Idan mai amfani yana tsakiyar rubutu a akwati ya rufe taga, abin da ya rubuta bai riga ya isa ma'ajiya ba, saboda a bisa al'ada akwatin yana miƙa rubutunsa ne idan an bar shi ko an danna maɓallin shigarwa. Wanda ya yanke ɗaurin kafin ya kira commitEditing ya zubar da wannan rubutu ba tare da wata alama ba. Haka nan, ba kowace rufewa ce mutuwa ba. Tagar saituna sau da yawa ana ƙirƙirar ta sau ɗaya a ci gaba da ɓoye ta ana fito da ita, kuma idan aka kwance ɗaurinta a rufewar farko, a buɗewa ta biyu za ta fito da akwatuna fanko. Saboda haka kafin a rubuta umarnin kwancewa sai an amsa tambayar tsawon ran da aka tsara wa tagar, wadda ita ce tambayar da ɗauri ya ba mutum damar tsallakewa tun farko.

Abin da ke ƙara rikita sabon shiga shi ne, dabarar sa ido da ɗaurin Cocoa ya ginu a kanta, wato KVO, tana bin kishiyar wannan ƙa'ida. KVO ba ya riƙe mai sa ido, ba ya kuma riƙe wanda ake sa wa ido. A nan haɗarin ba yoyo ba ne, faɗuwa ce: idan mai sa ido ya mutu bai cire sunansa ba, sanarwa ta gaba za ta tafi adireshin da babu kowa, kuma shekaru da yawa saƙon gargaɗin cewa an share abu alhali masu sa ido suna nan a rajistarsa yana cikin abubuwan da masu aikin Cocoa suka fi sani. Wato a cikin tsari ɗaya akwai hawa biyu, na sama yana riƙewa har ya hana mutuwa, na ƙasa ba ya riƙewa har ya bar mutum yana magana da matacce. Duk wanda ya ɗauki ɗabi'ar ɗaya ya ɗora wa ɗayan zai gamu da ɗaya daga cikin matsalolin biyu.

Apple ya gwada mai kwashe shara a Mac OS X 10.5, ya ayyana barinsa a 10.8 a 2012, ya cire shi gaba ɗaya a macOS 10.12 a 2016. Abin da ya maye gurbinsa shi ne ARC, wanda ya fito a 2011, inda na'urar harhaɗa manhaja ke saka retain da release da kanta. Mutane da yawa sun ɗauka zancen ƙwaƙwalwa ya ƙare, alhali ARC ƙidayar Collins ce dai, an sauke wa mutum wahalar rubuta ta kawai, kuma ba ta da mai farautar zobe irin wanda harshen Python ya ƙara a kan tasa ƙidayar tun fitowar 2.0 a shekarar 2000. Abin da ARC ya kawo mai amfani a wannan fage shi ne sassauƙan riƙo, wanda ba ya ƙara lamba, kuma yakan koma babu komai da kansa idan abin da yake nuni gare shi ya mutu. Ko shi ma bai zo a cike ba, domin a OS X 10.7 ba a iya yi wa NSWindow da NSWindowController da NSViewController sassauƙan riƙo, wato azuzuwan da aka fi buƙatar hakan a kansu, sai a 10.8 aka buɗe wannan ƙofa.

A yau zoben ya fi ƙulluwa ta hanyar guntun umarni da ake miƙa wa tsarin domin ya kira shi daga baya. Harshen Swift 4 a 2017 ya kawo sabuwar hanyar sa ido inda ake ba da irin wannan guntu, a karɓi wata shaida da za a adana, kuma sa idon yana ƙarewa idan shaidar ta mutu. Tsari ne mai tsafta, sai dai mai kula yana adana shaidar, shaidar tana riƙe da guntun, guntun kuma idan ya ambaci self, kalmar da mai kula ke ambaton kansa da ita, ya riƙe mai kula. Kalmomi biyu, weak self, a farkon guntun su ne ke raba manhaja mai lafiya da mai yoyo, kuma na'urar harhaɗawa ba za ta tilasta wa kowa rubuta su ba. Agogon NSTimer mai maimaitawa shi ma yana riƙe wanda yake kira har sai an dakatar da shi, don haka taga mai sabunta kanta kowace daƙiƙa ba za ta mutu ba sai an kira invalidate a wurin rufewa.

Mai aiki a Windows zai iya cewa wannan matsalar masu ƙidaya ce, shi yana da mai kwashe shara wanda zobe ba ya damunsa. Gaskiya ne cewa a .NET, tsarin Microsoft na gina manhajoji, abubuwa biyu da suka riƙe juna za a kwashe su tare muddin babu igiya daga saiwa zuwa gare su. Amma ɗauri yakan samar da wannan igiyar. WPF, tsarin gina tagogi wanda ya fito tare da .NET Framework 3.0 a 2006, yana da sanannen yoyo da Microsoft da kansa ya yi bayaninsa. Idan aka ɗaure akwati da siffar wani abu, WPF yana buƙatar hanyar sanin cewa siffar ta canza. Idan siffar DependencyProperty ce, yana da hanyarsa. Idan ajin ya cika yarjejeniyar INotifyPropertyChanged, yana sauraro ta wani manaja mai sassauƙan riƙo. Idan kuwa babu ko ɗaya, sai ya koma ga tsohuwar hanya ta PropertyDescriptor, wato abin da ke bayyana siffar, ya yi rajistar sauraro a can. Shi PropertyDescriptor tsarin yana adana shi har ƙarshen rayuwar manhaja, kuma yana ajiye abin da ake sa wa ido a cikin teburinsa da riƙo mai ƙarfi. Daga nan abin ba zai mutu ba, kuma idan yana da wata hanya, ko ta nesa ce, da ke kaiwa ga akwatin ko tagar, to ya ja su duka sun zauna tare da shi.

Abin damuwa a wannan yoyo shi ne komai yana aiki daidai a ido. Bayani yana fitowa, babu saƙon kuskure, babu gargaɗi. Mai rubuta manhaja da ya ga siffar ba ta canzawa zai ga kamar ba shi da dalilin wahalar da kansa da INotifyPropertyChanged, kuma wannan tunani mai ma'ana shi ne ke jefa shi a rami. Mafita uku ce: a cika yarjejeniyar ko da ba za a taɓa aika sanarwa ba, ko a ayyana ɗaurin a matsayin OneTime domin WPF ya karanta sau ɗaya ya daina sauraro, ko a kira ClearBinding idan an gama. Ta biyun ita ce mafi gaskiya ga bayanin da ba ya canzawa, domin tana faɗin niyyar mai rubutu a wurin da za a gan ta. Bayan wannan akwai yoyon da ya fi kowanne yawa a .NET, wanda bai ma buƙatar ɗauri: duk wanda ya yi rajistar sauraron sanarwa, mai sanarwar ne ke riƙe da shi. Taga mai gajeren rai da ta saurari ma'ajiyar saituna mai rai har ƙarshen manhaja, ba ta cire sunanta ba, za ta rayu tsawon ran ma'ajiyar. Domin wannan ne aka samar da WeakEventManager, aka kuma sauƙaƙa amfani da shi a .NET 4.5 a 2012.

Ganin haka, mutum zai iya yanke hukuncin cewa a mayar da kowane riƙo na ɗauri sassauƙa a huta. JavaFX, tsarin gina tagogi na harshen Java, ya bi wannan hanya zuwa wani mataki, kuma abin da ya biyo baya darasi ne. A can, idan aka ɗaure siffa da tushe, siffar tana riƙe tushen da ƙarfi, tushen kuma yana riƙe mai sauraronsa sassauƙan riƙo, saboda haka taga ba ta maƙalewa a jikin ma'ajiya. Amma wanda ya ƙirƙiri wani lissafi na tsakiya daga siffofi biyu, ya ɗora masa mai sauraro, bai kuma adana lissafin a ko'ina ba, zai ga komai yana aiki na ɗan lokaci, sannan ya tsaya cak. Mai kwashe shara ya zo ya tarar babu mai riƙe da lissafin da ƙarfi, ya tafi da shi. Wannan kuskure ya fi yoyo wuyar kamawa, domin lokacin faruwarsa ya dogara ne da lokacin da aka kwashe shara, wanda ke bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. WPF ma yana da irinsa a sanarwar RequerySuggested ta CommandManager, wadda ke riƙe masu sauraro sassauƙan riƙo. Sassauƙan riƙo yana cewa ne wani ne mamallaki ba ni ba, kuma idan babu wannan wanin, maganar ta zama ƙarya.

Tsare-tsaren da suka fi samun sauƙi a wannan fage su ne waɗanda suka ɗora ɗauri a kan mallakar da aka riga aka fayyace. A tsarin gina manhajoji na Qt kowane abu, wato QObject, yana iya samun uwa, idan uwa ta mutu 'ya'yanta su bi ta, kuma duk haɗin sanarwa da ya shafi abin da ya mutu yana yankewa da kansa. A wani tsarin mai suna GLib, ɗaurin da g_object_bind_property ke samarwa tun fitowar 2.26 a 2010 ba ya hana kowane ɓangare mutuwa, yana kuma warwarewa da zarar ɗayansu ya tafi. Duk da haka, a Qt wanda ya haɗa sanarwa da guntun umarni bai ambaci abin da ran haɗin zai bi ba, zai iya tarar da guntun yana taɓa tagar da aka riga aka share.

Daga waɗannan misalai, tsarin da na fi amincewa da shi shi ne a raba mai kula da taga da ma'ajiyar bayanan da taga ke nunawa. Mai kula ya mallaki taga, ya kuma mallaki wani abu na daban mai ɗauke da bayanai kawai, akwatuna su ɗaure da wannan abu, shi kuwa kada ya san da taga ko mai kula ta kowace hanya mai ƙarfi. Idan aka zana wannan a takarda, duk kibiyoyin riƙo suna fuskantar ƙasa, kuma zobe ba shi da ta inda zai rufe. Inda dole sai kibiya ta koma sama, kamar wakilci ko guntun umarnin da ke kiran mai kula, a sassauta ta, bayan an tabbatar akwai mamallaki na gaskiya a wani wuri. Inda kuma taga ke sauraron abin da ya fi ta tsawon rai, a tattara duk rajistar a wuri guda, a soke su a wuri guda, a lokacin da aka ayyana a matsayin ƙarshen rayuwarta. Rajistar da aka warwatsa a wurare goma, wata rana za a soke tara a manta da ɗaya.

Sauran aikin na tabbatarwa ne, domin karanta rubutun manhaja kaɗai ba ya nuna riƙon da ke cikin fayil ɗin zane. Kayan aikin Leaks na Instruments, manhajar Apple ta bincikar manhajoji, yana gano abubuwan da babu wata hanya zuwa gare su, don haka yana iya kama zoben da ya yanke daga sauran manhaja, amma ba zai ce komai ba game da tagar da agogo ko wata ma'ajiya mai rai ke riƙe da ita, tun da a wurinsa wannan halastaccen riƙo ne. Domin irin wannan sai a koma ga Allocations, wani kayan aikin Instruments ɗin mai ƙidaya abin da aka ƙirƙira a ƙwaƙwalwa, a buɗe taga a rufe sau ɗaya domin tsarin ya cika ma'ajiyoyinsa na wucin gadi, a sanya alamar zango, a maimaita buɗewa da rufewa sau da yawa ana sanya alama, sannan a duba abin da ke ƙaruwa a kowane zango. A Xcode, manhajar da ake rubuta manhajojin Apple da ita, tun fitowa ta 8 a 2016 akwai kuma mai zana taswirar ƙwaƙwalwa, wanda ke tsayar da manhaja ya nuna duk masu riƙe da abin da aka zaɓa, kuma Visual Studio na Microsoft yana da makamancinsa mai kwatanta hotunan ƙwaƙwalwa biyu ya nuna hanyar da ta haɗa abu da saiwa.

Waɗannan kayan aiki suna amfani ne idan an riga an yi zargi. Abin da ke hana matsalar dawowa shi ne gwaji mai sarrafa kansa ga kowace irin taga: a ƙirƙire ta, a ajiye sassauƙan riƙo gare ta da mai kula da ita, a nuna ta, a rufe ta, a saki duk riƙo mai ƙarfi, sannan a tabbatar sassauƙan riƙon ya koma babu komai. A Cocoa sai an kewaye matakan farko da tafkin autorelease, inda ake tara abubuwan da za a saki daga baya, a kuma bar zagayen manhaja ya juya kaɗan, domin AppKit, sashen Cocoa mai kula da tagogi, yakan jinkirta sakin wasu abubuwa. A .NET sai an tilasta kwashe shara, a jira masu kammalawa, wato umarnin da ake kira kafin a share abu, su gama, a sake kwashewa, kuma a yi ƙirƙirar tagar a cikin wani umarni na daban domin kada gwajin kansa ya zama mai riƙe da ita. Gwajin ba ya wuce layuka kaɗan, kuma ranar da wani ya buɗe fayil ɗin zane ya ɗaure sabon akwati da mai kula, shi ne zai faɗi kafin manhajar ta isa hannun masu amfani da ita.